Zakin da Ya Fito Daga Maƙera

An yi lokaci a ƙasar nan da idan aka ce mota, to Fijo ake nufi, sauran kuwa sai an kira sunansu. Ita gwamna yake shiga, ita kwamishina, ita babban sakatare, ita alhajin da kasuwa ta yi wa kyau a Kantin Kwari, ita kuma direban da ke jigilar Kano zuwa Katsina. Bambancin bai wuce fenti da lamba da yawan mutanen da aka cusa a ciki ba. Yaran da aka haifa bayan shekarar 2000 ba za su gane wannan ba, domin sun buɗi ido ne suka tarar da titi cike da motocin Japan da Koriya da Jamus, yawancinsu waɗanda aka gama yayinsu a wata ƙasa. Amma mu da muka ga 504 sabuwa fil, ledar kujera ma ba a ɓare ba, mun daɗe muna ɗaukar Peugeot 'yar gida, haifaffiyar Kakuri ta Kaduna. Kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar sana'ar masu ita kafin duniya ta san mota. Maƙera ne, kuma sun kusa shekara 80 suna sarrafa ƙarfe kafin su ɗora injin a kan taya.

Gidan yana gabashin Faransa ne, dab da iyakar Suwizalan, a yankin Montbéliard, ƙasar tuddai da ƙoramu da sanyi mai ratsa ƙashi. Iyalan Peugeot suna da injin niƙan hatsi wanda ruwan ƙorama ke juyawa. A 1810, wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric, suka mai da wurin masana'antar ƙarfe. Zamanin Napoleon ne, ya toshe ciniki da Ingila, wadda ita ce uwa a harkar ƙarfe a lokacin, don haka duk wanda zai iya samar da ƙarfe mai kyau a gida ba zai rasa mai saye ba. Abin da suka ƙware a kai shi ne murza ƙarfe har ya zama falle siriri, mai tauri, mai lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Daga wannan fallen suka riƙa yanko zarto da sifirin agogo, da yake maƙwabtansu masu haɗa agogo ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin gidan shi ne rashin girman kansu game da abin da za su ƙera. A 1840 suka fito da ɗan injin niƙa kofi na hannu. Da matan Turai suka shiga yayin wani siket mai faɗin gaske wanda ake tokare shi da zobban ƙarfe daga ciki, sai Peugeot suka zama masu ƙera zobban. Da yayin ya wuce, kamar yadda yayin mata ya saba wucewa ba sallama, suka karkata ga ƙarafan lema da sauran kayan waya. A 1874 suka ƙara da abin niƙa masoro, wanda har gobe ana yin sa da sunansu. Zakin nan da muka sani a goshin mota ma ba don mota aka zana shi ba. An yi masa rajista a 1858 a matsayin tambarin zarto, wai haƙoran zarton na da ƙarfin haƙoran zaki, bayansa na da laushin gadon bayan zaki, yankansa kuma na da saurin tsallensa. Kafinta ko bai iya karatu ba, in ya ga zaki ya san kaya mai daraja ta ɗaya ya riƙa.

Armand Peugeot, wanda aka haifa a 1849, jika ne a gidan. Ya yi zama a Leeds ta Ingila yana koyon aiki, ya ga yadda keke ke neman zama abin hawan kowa, ya dawo ya matsa wa dangi. A 1882 suka fara keke, irin mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya. Wanda ya iya keke kuwa ya riga ya iya rabin motar wancan zamani: bututun ƙarfe, sarƙa, taya mai wayoyi, birki. Injin kaɗai ya rage. Ya fara gwada na tururi tare da Léon Serpollet, suka kai wata mai ƙafa uku babban bajekolin birnin Paris a 1889. Abin ya cika nauyi da wahalar sha'ani, Armand bai ɓata lokaci a kai ba. Ta hannun Émile Levassor ya samu injin mai shan fetur na Bajamushen nan Gottlieb Daimler, wanda kamfanin Panhard da Levassor ke ƙerawa a Faransa da izinin mai shi. A riƙe wannan, don za mu buƙace shi in mun zo Kaduna: motocin Peugeot na farko da injin aro suka yi tafiya.

A 1891 aka shirya tseren keke daga Paris zuwa Brest a dawo. Armand ya sa ma'aikatansa biyu, Rigoulot da Doriot, suka tuƙo mota tun daga Valentigney, suka bi sawun masu keke, suka koma gida. Tafiyar ta haura kilomita 2,000, a gudun da bai kai kilomita 15 a awa ba. Masu keke sun bar su a baya nesa, amma ba wannan ne abin dubawa ba. Ba gidan mai ko ɗaya a hanya, sai da aka riƙa aika fetur gaba ana ajiyewa, ba bakanike, ba kwalta, kuma motar ta je ta dawo da ƙafarta. Shekara ta gaba suka yi mota 29, har da wata da aka ƙawata da zane musamman don Sarkin Tunis, wato tun Peugeot na rarrafe ta taka ƙasar Afirka. A gasar Paris zuwa Rouen ta 1894, wadda ake ɗauka a matsayin gasar motoci ta farko, Peugeot da Panhard suka raba kyautar ta ɗaya.

Duk da haka gida bai yarda ba. Eugène, ɗan'uwan Armand kuma abokin jagorancin kamfanin, yana ganin mota wasan masu kuɗi ce, yayi ne da zai wuce kamar na siket, kuma ba zai bari a narkar da ribar zarto da keke a cikinta ba. Mutane na son su mai da shi sakarai a wannan labari, ni ban ga haka ba. Kamfanonin mota da suka tsiro a Faransa a waɗannan shekaru suna da yawan gaske, kusan dukkansu kuma sun mutu sun bar masu su da bashi. Eugène lissafin mai riƙe da amanar dangi ya yi. Aka raba gari a 1896: Armand ya kafa nasa kamfanin, ya gina masana'anta a Audincourt, ya kuma daina sayen injin Daimler ya fara ƙera nasa. 'Yan shekaru kacal ya yi yana aro. A 1899 ya fitar da mota 300. 'Ya'yan Eugène da kansu suka shiga harkar mota daga baya, shi kuwa Armand ɗansa namiji tilo ya rasu, ba magaji, sai ɓangarorin biyu suka sake haɗewa a 1910. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda ta zama cibiyar gidan. Armand ya rasu a 1915.

Akwai wani ɗan labari na wannan zamani da nake so. Direbobin tsere uku, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, waɗanda dukkansu da sifana a hannu suka tashi, suka ce a ba su dama su tsara motar tsere da kansu tare da wani matashi mai zane, Ernest Henry. Injiniyoyin kamfanin masu takardu suka yi musu laƙabi da masu sojan gona. Injin da suka fito da shi, mai bawul huɗu a kan kowace silinda da sanda biyu masu buɗe su daga sama, ya ci babbar gasar Faransa a 1912, ya je Amurka ya ci ta Indianapolis a 1913, ya sake ci a 1916 da 1919. Tsarin nasu shi ne a cikin mafi yawan ƙananan motocin da ke kan titi yau.

Shekarun da suka biyo baya ba sai an tsaya a kansu ba. Yaƙin duniya na farko ya mai da masana'antun wurin yin kayan soja. A 1929 aka fito da 201, ƙaramar mota mai araha da ta tsallakar da kamfanin daga karayar tattalin arzikin duniya, kuma daga ita aka fara lambobin nan uku masu sifili a tsakiya. A yaƙi na biyu Jamusawa suka mamaye Sochaux, jiragen Ingila suka yi mata ruwan bama-bamai a 1943 suka kashe fararen hula da yawa, ma'aikata kuma suka riƙa lalata injuna a ɓoye don kada abokan gaba su amfana. Bayan yaƙi aka yi 203 a 1948, aka yi 403 a 1955, ita ce ta farko da ta haura miliyan ɗaya. Duk tsawon wannan lokaci ɗabi'ar gidan ba ta canza ba: ba sa son ƙyale-ƙyale, ba sa gaggawar sauya samfuri, mota ɗaya sai su yi shekara goma sha suna gyara mata ƙananan kurakurai. Citroën ce mai abin mamaki, Renault ta gwamnati ce, Peugeot kuwa motar likitan ƙauye da ɗan kasuwar da ba ya son a san yana da kuɗi.

Garin Sochaux kansa na gidan ne. Su suka gina wa ma'aikata gidaje, suka buɗe musu kantuna, a 1928 ma suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin. Uba yana aiki a masana'anta, ɗa ya gaje shi, jika ya biyo. A ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatan wurin sun kai kimanin 40,000. Irin wannan riƙo yana da daɗi, yana kuma da ƙunci, domin wanda ya ba ka gida da abinci da wasan ranar Lahadi ba ya son ka ɗaga masa murya. A yajin aikin da ya girgiza Faransa a 1968, 'yan sanda sun yi arangama da ma'aikata a Sochaux ranar 11 ga Yuni, mutum biyu suka mutu. Wata uku bayan nan aka ƙaddamar da 504. Motar da muka fi ƙauna ke nan, kuma a irin wannan yanayi aka haife ta.

Tun kafin 504, yayarta 404 ta riga ta yi suna a Afirka. Ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, shekarar da mota bakwai kacal suka kai ƙarshe saboda ruwa da taɓo, ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Ita 504 ta ci nata a 1975. Ba don mu aka tsara motocin nan ba, don hanyoyin karkarar Faransa aka yi su, sai abin ya zo daidai da namu. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta na da dogon zango na lotsawa da tasowa, da baya take ja, sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya kuma a cikin bututu take, ƙura da tsakuwa ba sa samun ta. A kan hanyar burji mai gargada, inda wata motar za ta riƙa kakkarwa har haƙoran fasinja su haɗu, direban 504 ƙara wuta yake yi, sai ta lafa.

Sai kuma kuɗin mai suka zo. Gwamnatin Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai su zo su haɗa motoci a gida: Volkswagen a Legas, Peugeot a Kaduna, daga baya kuma aka kawo Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, aka fara aiki a Kakuri a 1975, kusa da masaƙu. A wannan shekarar ce tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti, har aka koma ɗauko sassan mota ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. A tsaya a yi tunanin wannan: ƙofa da injin da giya suna hawa jirgin sama, kuma lissafi yana fita. Haka naira take a lokacin, ta fi dala daraja. Ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, ga bashin mota. Bayan kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce manyan jami'ai su rage facaka, 504 ta zama motar gwamnati tun daga sama har ƙasa. Kakuri ta riƙa fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, da dubban ma'aikata. In an tashi aiki da yamma, ma'aikatan Fijo da na masaƙu suka fito lokaci ɗaya, titi ba ya biyuwa.

Amma inda motar ta zama tamu da gaske tasha ce. Doguwar nan mai layin kujeru uku, wadda Bafaranshe ya yi don mai iyali, mu muka mai da ita motar haya: biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, uku a can baya gwiwa na taɓa haɓa. But ba ya rufuwa, sai a ɗaure shi da roba a kan buhuna. Ɗan kamasho yana ta "Zariya! Zariya! Saura mutum ɗaya!" alhali uku suka rage, biyun da ke zaune a ciki yaran tasha ne da za su fita da zarar fasinjan gaske ya zo. In ta hau kwalta kuwa sai addu'a. Kada son tuna baya ya sa mu manta cewa motar nan ta ci rayuka ba kaɗan ba, da gudun direbobi da lodin da ya wuce kima da tayoyin da suka suɗe. Akori-kura ita ce ta ƙauye, ranar kasuwa ta ɗauki hatsi da awaki da mutane a sama. A Nijar ma haka abin yake, har samarin Turai suka mai da shi sana'a: su sayi tsohuwar 504 a Faransa, su ratso Aljeriya da hamada, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su hau jirgi su koma da riba. Mutanen Agadas sun kuma ga wata irin Fijo ta daban tana keta Tenere a tseren Paris zuwa Dakar, wanda kamfanin ya ci sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990.

Sirrin duk wannan yana gareji. In ka ɗaga bonet ɗin 504, komai a fili yake, hannu na kaiwa ko'ina. Mota ta fara shiƙa a hanya, ka gangara gindin bishiya wurin bakanike. Zai sa ka tayar, ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Alhaji, ba wani abu ba ne, datti ta sha." Ya kira yaronsa ya miƙo sifana mai lamba goma, ya kwance kafireta a kan tsumma, ya wanke da fetur a gwangwani, ya sa baki ya hure 'yan ƙananan ramukan, ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya duba fulogi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka gama cin rake an ɗaure, ta tashi da bugu ɗaya. Mutumin nan bai taɓa ganin littafin kamfani ba, a wurin ogansa ya koya, shi ma ogan haka. Daga Sakkwato har Maiduguri, daga Damagaram har Garwa, ba garin da za ka rasa wanda ya san cikin Fijo, ba kasuwar da za ka rasa kayanta. Wannan ilimi ne na gaske, kuma shi kaɗai ne ɓangaren masana'antar da ya yi saiwa a ƙasarmu.

Abin da ya faru a Kakuri kuwa damu ne. A Faransa aka noma geron, aka surfa, aka daka, aka cura, mu aka miƙo mana dawo muka zuba nono. Ba raina aikin nake ba, an horar da ɗimbin masu walda da fenti da lantarki, an kuma samu wasu kayan a gida, irin su taya da batir da gilashi da kujeru. Amma injin da giya da fallen ƙarfen bodi daga waje suke zuwa. Aro ba abin kunya ba ne, Armand ma da shi ya fara. Bambancin shi ne ranar da ya yanke shawarar daina aro, yana da maƙera a bayansa, masu narka ƙarfe da masu zubi da masu gyaran injuna, jikokin waɗanda suka yi zarto. Mu mun faro daga inda suka ƙare. Masana'antar Ajakuta, wadda aka fara ginawa a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet don ta ba mu ƙarfen, har yau ba ta kammalu ba. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo rodin gini aka yi su su fitar, ba fallen mota ba.

Kuma ba wai ba mu da gadon ƙira ba ne. Tarihin Kano da maƙera ya faro, masu haƙar tama a gindin Dala, kuma har yau akwai Sarkin Maƙera a garuruwanmu. Narkar da tama ta mutu ne a zamanin Turawa, da ƙarfen waje mai araha ya shigo. Maƙerin yau da zuga-zuginsa da masabarsa, abin da ya fi so ya samu shi ne sifirin tsohuwar akori-kura, ya yi fartanya da gatari da wuƙa, don ya san ƙarfe ne da ba ya cin amana. A cikin Kaduna ɗin ma, ga Panteka, inda ake zuba tukunya da gyara kowane irin inji da kwaikwayon duk abin da aka kawo. Tafiyar minti kaɗan ce tsakaninta da Kakuri, amma masu tsara manufofin masana'antu ba su ɗauki mutanenta a matsayin waɗanda za a gina wani abu a kansu ba. Su ne masu sojan gonar namu, su kuma ba a ba su damar da aka ba su Boillot ba.

Don haka da iska ta juya, ba abin riƙewa. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, sassan mota suka daina zuwa yadda aka saba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka karya naira, dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu cikin 'yan watanni, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Motar da kusan komai nata da kuɗin waje ake saye, dole farashinta ya bi. Malamin makarantar da ya sayi sabuwar Fijo da bashin mota a 1978, ƙaninsa mai irin aikinsa bai isa ya yi mafarkinta ba a 1990. Sai ƙofar Kwatano ta buɗe, tsofaffin motoci 'yan Beljiyam suka kwararo. Gwamnatoci da kansu suka daina saye a Kaduna, suka koma manyan motocin Japan. Michelin ta rufe masana'antarta ta taya a Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya. Kakuri ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan an daina yin ta a Faransa, abin da za a iya kira aminci, za a kuma iya kira tsayawa wuri ɗaya. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya yi masa katutu, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012.

Laifin ba namu kaɗai ba ne. Peugeot da kanta ta juya wa irin wannan mota baya. Ta haɗiye Citroën a 1976, ta sayi reshen Chrysler na Turai a 1978, nauyin ya kusa kai ta ƙasa, sai ƙaramar 205 ta 1983 ta cece ta. Daga nan hankalinta ya koma kan ƙananan motoci masu ja da gaba, na titunan Turai masu santsi. Mutanenmu sun so 406, sun yi haƙuri da 307, amma mai neman motar da za ta shiga daji ta fito Toyota ya nufa, kuma bai dawo ba. Gidan ma bai tsira ba. Bayan asarar kusan yuro biliyan 5 a 2012, dole ta sa a 2014 suka buɗe ƙofa ga gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin, kowanne ya riƙe kaso daidai da na iyalan, kimanin 14 cikin 100. Shekara 204 ke nan bayan injin niƙa, ragama ta fita daga hannunsu. Aka sayar da ƙungiyar ƙwallon a 2015. A Janairun 2021 aka haɗe da Fiat da Chrysler aka samu Stellantis, inda Peugeot ta zama suna ɗaya a cikin sunaye goma sha huɗu. Ma'aikatan Sochaux yanzu ba su kai 10,000 ba. Tsofaffin can ma suna da nasu labarin na yadda titi yake cika in an tashi aiki.

A 2022 an buɗe wata sabuwar masana'antar haɗa Peugeot a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, da jarin Dangote da na gwamnatocin jihohi. Motocin da ake haɗawa sun fi 504 ta kusan kowace fuska da za a iya aunawa: sun fi ta tsimin mai, sun fi ta birki, kuma in aka yi karo, mai ciki ya fi samun damar fita da rai. Sassan dai har yanzu a akwati suke zuwa. In ka ɗaga bonet kuma, murfin roba za ka gani, da wayoyi da ke tafiya zuwa wani ɗan akwati da ba a kwancewa. Kunne ba ya gane ciwonta. A garejojin Kano da Kaduna yanzu, in irinta ta shigo, oga mai furfura wanda ya yi shekaru yana hura kafireta sai ya aika a kira wani yaro mai kwamfuta a jaka. Yaron ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta lambobi, ya faɗi abin da za a canza, ya karɓi kuɗinsa tun kafin a taɓa sifana. Da yawa daga cikin ogannin nan sun riga sun tura 'ya'yansu koyon wannan aikin.